Roƙon Iri

Duk abin da ya faru a gidan Alhaji Maiwada na Bakori a wannan shekarar, takardar kuɗi guda ɗaya ce ta jawo shi, ita ma ba sabuwa ba, wata yamutsattsiya ce da ta sha hannu.

Kafin wannan takarda komai lafiya lau yake tafiya. Adawiyya, autar Alhajin, tana shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha, sashen hulɗa da jama'a. A can ta haɗu da Talha, ɗan Malumfashi, wanda ya riga ta gamawa har ya samu aiki a wani kamfanin irin shuka da ke Funtua, shi ne kakakin kamfanin. Yaro ne dogo mai sanyin magana, irin mutanen nan da in sun gaishe ka sai ka ji kamar ka daɗe da saninsu.

An yi bincike, an ce gidansu gidan mutunci ne, ubansa tsohon malamin makaranta ne. Har an tsayar da magana cewa da an gama shuka manyansa za su zo roƙon iri, kamar yadda ake cewa in an zo neman aure.

Gwaggo Kulu, yayar Alhaji, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, ita kaɗai ke yi wa karatun nasu tsiya. Kullum Adawiyya ta zo hutu sai ta tare ta, wai hulɗa da jama'a ma sai an je makaranta? Ita da ta tsufa tana zuwa biki da suna da ta'aziyya, ba unguwar da ba ta da ƙawa a Bakori, ina tata takardar shaidar?

Adawiyya sai ta yi dariya ta zauna ta yi mata bayani. Ta ce kowane kamfani da banki da asibiti da ma'aikatar gwamnati suna buƙatar wanda zai tsaya tsakaninsu da mutane, ya kai maganar waɗannan, ya kawo kukan waɗancan. Ita burinta ta samu asibiti, ta riƙa shiga gidaje tana fahimtar da mata amfanin awon ciki. Gwaggo ta taɓe baki ta ce ashe dai ɗan aike ne aka sa wa riga mai guga.

Ana gab da faɗuwar damina kamfanin su Talha ya shirya taron nuna sabon irin masara a Funtua. Aka gayyaci manyan manoma daga Bakori da Danja da Mahuta. Alhaji Maiwada a sahun gaba aka ajiye shi, don shi ne shugaban ƙungiyar manoman masara ta yankinsu.

Talha ne ke riƙe da abin magana. Ya gabatar da baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da garinsu, bai yi tuntuɓe da sunan kowa ba. Sannan ya shiga bayanin irin, yadda yake jure fari, yadda goyonsa ke cika har baki. Alhaji yana zaune daɗi ya cika shi, har yana taɓa na kusa da shi yana cewa yaron nan ai namu ne.

Sai Kabiru ya miƙe.

Kabiru shi ne dilan kamfanin a Bakori, mai shagon iri da taki a bakin kasuwa, kuma ɗan aminin Alhaji. Ya daɗe yana son Adawiyya. Ya yi aike, ya yi zuwa, ita kuma ta ba shi haƙuri cikin mutunci, haƙurin da ya karɓa da baki bai karɓa da zuciya ba.

Ya taka har gaban rumfa yana murmushi, ya zaro takardar nan daga aljihu, ya manna wa Talha a goshi yadda ake yi wa maroƙi liƙi a gidan biki. Ya juyo ya fuskanci jama'a ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, Allah ya ja da ran sanƙiran kamfani.

Wuri ya ɗauki dariya. Talha bai fasa magana ba. Ya sa hannu ya cire takardar, ya ce an gode Alhaji Kabiru, ya jefa ta aljihu, ya ci gaba da bayaninsa kamar ƙuda ne ya sauka masa ya kore. Haka aka koya musu a makaranta, taron mai gidanka ba wurin rama cin fuska ba ne.

To amma Alhaji Maiwada bai yi wannan makarantar ba. Shi abin da idonsa ya gani ke nan, an yi wa surukinsa na gobe liƙi a bainar jama'a, ya karɓa, har da godiya. Ko abincin taron bai tsaya ci ba.

*

Adawiyya na tsakar gida tana tsintar wake lokacin da ya shigo, don ta zo hutu daga makaranta. Tun daga yadda ya yi sallama ta san ba lafiya ba. Ya zauna a kan tabarmarsa, bai cire hula ba, ya sa aka kira Gwaggo Kulu da Inna, uwar Adawiyya, sannan ya ce ita ma ta matso.

Ya ba su labarin abin da ya gani tiryan-tiryan, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya kai ƙarshe ya ce a aika Malumfashi a ce su dakata da zuwan nan.

"Ni ban raina sana'ar kowa ba," in ji shi. "Maroƙa mutanenmu ne, sahu ɗaya muke sallah, in na yi biki su nake fara sallama. Amma tun kaka da kakanni mu manoma ne, ba mu taɓa haɗa zuri'a da wanda ke ci da yabon wani ba. Ba kuma a kaina za a fara ba."

Adawiyya ta durƙusa, hawaye sun riga maganarta fitowa.

"Baba, wallahi ba roƙo ba ne. Aiki ne, karatunshi ya yi."

"To mi ne ne aikin? Ya tsaya gaban jama'a ya ce kayan mai gidanshi sun fi na kowa, in wata ya ƙare a sallame shi. Mi Mati maroƙi ke yi da ya wuce haka? Bambancinsu ɗaya, shi Mati bai sa takalmi sau-ciki."

Amsa na nan a bakinta, cike, har tana yi mata ɗaci. Amma ɗiyar kirki ba ta musu da uba, sai ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Alhaji ya sassauta murya ya ce shi ba mai yi wa ɗiya dole ba ne, ta nutsu ta kawo wani, ko Kabiru ko waninsa, duk wanda ta kawo in dai mai sana'ar hannu ne ya ba shi.

Abin da Adawiyya ta haɗiye, Gwaggo Kulu ce ta furzar da shi. Ta gyara zama ta ce, "To Maiwada, ita ma fa abin da ka tura ta ta karanto ke nan. Zabiya za mu riƙa kiranta ko kuwa?"

Alhaji ya kalli yayarsa. Sai ya tuna wai yana da wanda zai gani a bakin kasuwa, ya ja takalmansa ya fita.

Da la'asar Adawiyya ta kira Talha. Ta so ta yi masa faɗa, kuka ya hana ta. Ta tambaye shi me ya sa bai jefa wa Kabiru takardarsa a fuska ba. Ya ce da ya yi haka, da duk wanda ya koma gida labarin faɗan zai kai, ba labarin iri ba, shi kuwa iri aka sa shi ya tallata. Takardar ma a asusun masallaci ya saka ta kafin ya bar wurin. Ya ce ta yi haƙuri, ta bi Baba a hankali, uba ba abokin gaba ba ne, mutum ne da bai samu cikakken bayani ba tukuna.

Ta ce masa wannan a littafi ne. Ya yi 'yar dariya ya ce ai littafin ma mutane suka rubuta shi.

*

Duniya ba ta tsaya don ran Adawiyya ya ɓaci ba. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta jiƙe, ƙamshinta ya shiga har cikin ɗakuna. Bakori ta watse zuwa gona, ba ka jin komai da safe sai ƙarar babura da kukan shanun huɗa.

Ita da Inna suka duƙufa dafa wa 'yan ƙwadago abinci, dambu yau, gobe wake da shinkafa. Kuma gaskiya, duk da abin da ke ranta, akwai daɗi a irin waɗannan ranaku. Gwaggo na gefe tana ɓare gyaɗar shuka tana ba da labarin samarinta na da, waɗanda kullum adadinsu ƙaruwa yake. Wani lokaci Adawiyya sai ta tsinci kanta tana dariya har da riƙe ciki, sai kuma ta tuna ta yi shiru.

Kabiru kuwa ya mayar da ƙofar gidan hanyarsa. Da kansa ya kawo wa Alhaji buhunan irin a bayan mota, ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar goshinsa zai taɓa ƙasa. Ya aika a kira Adawiyya, ta ce a ce masa hannunta da aiki. Ya sake aikowa, Gwaggo ta ce a ce masa aikin na shekara ne.

Aka yi shuka, aka zuba ido.

Ranar da ya kamata gona ta yi kore shar, Alhaji ya dawo fuska a murtuke, da wasu ƙwayoyin masara a tafin hannunsa, baƙaƙe, sun ruɓe a cikin rami. Tsiro ɗaya nan, ɗaya can, kamar haƙoran tsohuwa. Ba gonarsa kaɗai ba, duk wanda ya shuka sabon irin a Bakori haka ya gani. Ga damina tana tafiya, ba ta jiran kowa.

Manoma suka fara taruwa a ƙofar gidan shugabansu, kowa da abin da yake faɗa. Wasu na cewa a kai ƙara, wasu na cewa a ɗauki mota a tafi Funtua a nuna wa kamfanin cewa talaka ma yana da hannu. Kabiru na cikinsu yana tafa hannu yana salati, yana cewa shi abin da aka ba shi ya sayar. Sunan da ya fi shan zagi kuwa shi ne na mai daɗin bakin nan da ya tsaya a Funtua yana rantsuwa da irin.

Adawiyya na jin su daga cikin gida. Kowace kalma a ƙirjinta take sauka.

*

Washegari da azahar Talha ya kira ta. Muryarsa a gajiye take. Ya ce shi da masu duba iri na kamfani sun zagaya, sun gano inda gizo ke saƙar. Irin da aka sayar a Funtua da Danja duk ya tsira lafiya. Na Bakori ne kawai ya mutu, don rufin ɗakin ajiyar Kabiru yana yoyo, ruwan farko ya jiƙa buhunan a ƙasa, shi kuma ya shanya su a ɓoye ya sayar.

Ya ce manajansu ya so a yi shiru a ɗora wa yanayi laifi. Shi ya tsaya kai da fata ya ce in aka yi haka an kashe sunan kamfanin a ƙasar nan har abada. Da ƙyar aka yarda a ba manoma wani iri mai saurin nuna kyauta, kuma gobe da safe shi zai kawo da kansa, ƙofar gidan su Adawiyya.

Adawiyya ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Zuciyarta ta yi fari tas. Ta ce alhamdu lillahi, rana dubu ta ɓarawo, gobe ta mai kaya, sai ya faɗa a gaban Baba da kowa da kowa wanda ya yi wannan aika-aika.

Ya bari ta gama, sannan ya ce:

"Ba zan ambaci sunanshi ba, Adawiyya."

"Ban ji ba."

"Zan faɗi gaskiya, iri ya sha danshi a ajiya, kuma mu ne ba mu sa ido ba. Kamfani zai karɓe dilancin daga hannunshi, wannan an gama. Amma mutanen nan ransu a ɓace yake. In na nuna shagon nan da yatsa, kafin la'asar ya zama toka, wa ya sani ko da mai shi a ciki. Kuma ki gaya mani, in na tona shi gobe, don manoma na yi ko don kaina?"

"Don ni," ta ce. "Ka yi don ni. Shi ya kunyata ka gaban Baba, shi ya sa aka hana manyanka zuwa. Kullum yana ƙofar gidanmu kamar an dasa shi. Allah ya ba ka dama ɗaya, ka ce ba ka so? Gobe kai za a zaga, shi yana tsaye yana gyara hula."

"Na sani."

"Ka sani, amma ka zaɓi mutuncin Kabiru a kaina."

Ya kira sunanta a hankali. Ta kashe wayar, ta kifa kai a kan filo ta yi kuka mai isarta.

Abin haushin, ta san yana da gaskiya. Ita da kanta ta rubuta a jarrabawa cewa in masifa ta afka wa ma'aikata, ka riga kowa zuwa wurin waɗanda abin ya shafa, ka faɗi gaskiya, ka ɗauki nauyi, kada ka tsaya neman wanda za ka jefa wa wuta. Har malaminsu ya yaba mata a gaban aji. Sai dai ranar da ta rubuta wannan, ba aurenta ne a kan faranti ba.

*

Da hantsi ƙofar gidan ta cika maƙil. Adawiyya da Gwaggo Kulu suka laɓe a zaure na ciki, inda ake jin komai ta tsagar ƙofa. Gwaggo har da jawo kujerar tsugunno, ta ce ita ba ta kallon faɗa a tsaye.

Talha ya iso, motar iri na biye da shi. Ba lasifika, ba rumfa, ba ɗan rakiya. Ya cire takalman nan nasa sau-ciki tun daga nesa. Aka nuna masa benci ya ƙi, ya zauna a bakin tabarma, ƙasa da kowa. Ya gaida Alhaji, Alhaji ya amsa a daƙile.

Bai fara da magana ba, sai ya ce ya zo ya ji. Aka kuwa ba shi ya ji. Wani ya ce ya sayar da akuyarsa ya sayi irin. Wani ya ce gonar marayu ce a hannunsa. Wani daga baya ya ce maroƙin banza, an cika masa aljihu ya zo ya yaudari talakawa. Adawiyya ta runtse ido, Gwaggo ta riƙe mata hannu. Shi kuwa kansa na ƙasa, bai katse kowa ba har suka gaji don kansu.

Sannan ya ɗago ya ce, "Iyayena, duk abin da kuka faɗa kuna da gaskiya. Ni na tsaya a Funtua na ce maku irin nan mai kyau ne, don haka ni ya kamata in zo in ce maku wanda ya iso hannunku ya lalace. Danshi ya sha a wurin ajiya. Sunanmu ne a jikin buhu, mu ya kamata mu duba kafin a sayar maku, ba mu duba ba. Ba laifin ƙasarku ba ne, ba laifin ruwa ba ne. Ku yafe mana."

Mutanen da suka zo da shirin musu, sai aka rasa wanda za a yi musun da shi.

Wani dattijo, Malam Haladu, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce to a wurin ajiyar wa? A faɗa masu suna.

Ta tsagar ƙofa Adawiyya ta hango Kabiru a jikin bango. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, idanunsa sun yi zuru-zuru kamar na ɓeran da aka rufe a rumbu. Ta dafe ƙirji. A ranta tana cewa faɗi, don Allah faɗi.

"Baba, wannan gyaran cikin gidanmu ne, kuma mun riga mun yi shi," in ji Talha. "Abin da ke gabanmu yau shi ne kada damina ta wuce ku. Ga iri can a mota, mai saurin nuna ne, an gwada tsirowarshi gabana. Kowa ya karɓi daidai abin da ya shuka, ba a biyan ko kwabo."

Aka ɗan yi gunaguni, amma manomi da ya ga iri ga ƙasa a jiƙe ba ya tsayawa dogon zance. Kafin azahar an rabe mota tas. Talha bai tafi ba sai da ya bi su gona-gona, wandonsa a naɗe, yana ganin yadda ake sake shuka. Da zai wuce ya durƙusa ya yi wa Alhaji sallama. Alhaji ya ce a sauka lafiya, bai ƙara ko harafi ba.

Gwaggo ta ɗauki kujerarta tana girgiza kai. Ta ce yaron nan ko dai waliyyi ne ko wawa, ita dai ba ta taɓa ganin wanda aka ba wuƙa da nama ya tashi da yunwa ba.

Ran Adawiyya ya kasu biyu, rabi yana alfahari da shi, rabi yana jin haushinsa. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga, kunya da zuciya suka hana ta kira. Shi ma bai matsa mata ba, sai gaisuwa da yake turowa kowace safiya, ita kuma ta karanta ta yi shiru.

Kabiru dai tun daga ranar ba a sake ganin motarsa a ƙofar gidan ba. Allon kamfanin da ke saman shagonsa ma aka wayi gari babu shi.

*

Sabon iri ya tsira. Ya fito layi-layi, kore shar, ba gurbi ko ɗaya. Alhaji ya dawo daga gona da hantsi, ƙafafunsa duk taɓo, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, abin da aka daɗe ba a ji ba. Ya wanke ƙafa ya zauna a inuwar ɗakin Gwaggo, Inna ta kawo masa fura.

Adawiyya na bakin madafa tana tankaɗe, ta ba su baya. Alhaji ya sha furarsa ya yi gyatsa, sannan ya fara magana da yayarsa, da irin muryar da ake yi don na nesa ya ji.

"Yaya, ni fa na san buhunan da na saya. Da shatin ruwa a gindinsu, na gani da idona, na ƙyale don ɗan aminina ne ya kawo mani. Tun kafin yaron nan ya buɗe baki na san ɗakin ajiyar da ake nufi."

Gwaggo ta ce to.

"Kuma na san maroƙa tun ina yaro. Ka ba maroƙi ya wasa ka. Ka ci mashi fuska ya yi maka zambon da jikokinka za su gada. Ba ya kuma zuwa gidan da zagi ake rabawa. Wannan an ci mashi fuska gaban idona, ya zo har ƙofar gidana ya sha zagin da ba nashi ba, ga wanda ya ci mashi fuskar tsaye jikin bango, kalma ɗaya ta isa. Ina zaune ina jira in ji zambo. Ban ji ba."

Hannun Adawiyya ya tsaya cak a kan rariya.

Gwaggo ta ce, "To ka janye sunan da ka sa mashi ke nan?"

"Ban janye ba," in ji Alhaji, yana goge gemu don kada a ga murmushinsa. "Roƙo ɗaya ya rage mashi. A gaya mashi ya turo manyanshi ranar Juma'a su zo roƙon iri. In sun iya baki kamar ɗansu, a ba su. Sai dai a faɗa mashi, namu irin a ajiye shi inda ruwa ba ya taɓawa."

Gwaggo Kulu ta rangaɗa guɗa har kajin gidan suka watse. Inna ta juya tana share ido da bakin zane. Rariya ta suɓuce daga hannun Adawiyya, gari ya bule mata fuska da gira, ba ta ko kula ba.

"Ke mai hulɗa da jama'a," Gwaggo ta kira ta. "Ga saƙo nan an bayar. Tashi ki isar, yau mu ga amfanin karatun."

Ta shige ɗaki da gudu ta turo ƙofa. Bugu ɗaya Talha ya ɗauka, kamar dama wayar na hannunsa. Duk abin da aka koya mata na tsara magana, yadda ake buɗewa da yadda ake rufewa, ya bi iska. Ta so ta ba shi haƙuri, ta so ta yi masa albishir, sai kuka da dariya suka haɗe mata wuri ɗaya.

Bai katse ta ba. Ya ce yana jin ta, ta yi a hankali.

Ta share hawaye da hannun da ke da gari, ta ja numfashi.

"Maroƙi," ta ce, "Baba ya ce ka zo ka yi sana'arka."